Ranar Da Muka Kai Takwarana Yaye

Ni na tsufa, amma wautata tana nan da ƙuruciyarta. Shaida kuwa ita ce ranar da na ƙulla niyyar ɓata yayen jikana, ni kaɗai cikin raina, ina ganin duk faɗin Aliero babu wanda ya kai ni dabara.

Yaron ɗan babban ɗana ne, kuma sunana aka sa masa. Shi ya sa uwarsa ba ta iya kama sunan, sai dai ta ce Mai Sunan Baba, ni kuwa Takwara nake ce masa. Tun da ya fara tafiya, kullum da safe in na shimfiɗa tabarma a zaure na kunna rediyo, sai in ji tahowarsa, tinƙis-tinƙis, ko wando babu. Ya haye cinyata, ya tsoma hannu cikin kununa, ya murɗe rediyon daga labarun duniya zuwa inda ba a jin komai sai shuuu. 'Ya'yan da na haifa babu wanda na riƙe har ya yi mini fitsari. A zamaninmu namiji daga nesa yake duban ɗansa, kamar mai wucewa ta gefen gonar maƙwabci. Wannan kuwa ya jiƙa mini riguna iya son ransa, ban taɓa kai ƙara ba.

Kwatsam tsohuwata, wato uwargidana, ta ce lokacin yaye ya yi. Za a kai shi Giwa Tazo wurin kakarsa ta wajen uwa, ya yi 'yan makonni can har ya manta da nono. Haka aka saba: uwa ta zauna gida, wata babba ta kai yaron. Kakar nan kuwa taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, wadda tun muna yara bakinta bai taɓa raga mini ba.

'Yan makonni, in ji su. Babu wanda ya tambayi wa zai riƙa ɓata mini kunu.

Na ce ni ma da ni za a je, ai ba a aika takwaran mutum kamar buhun albasa. Sannan na ƙara da cewa uwar yaron ma ta shigo mota, ta je ta gaida mahaifiyarta.

Tsohuwa ta dube ni. "Malam, ina ka taɓa jin an tahi yaye da nono cikin mota?"

"Zumunci na ce a yi. Ko shi ma kin hana?"

Ta juya ta ci gaba da aikinta, ni kuwa na ɗauka na ci nasara. Lissafina mai sauƙi ne: yaro zai yi kuka a hanya, uwa ta kasa jurewa ta ba shi, yaye ya lalace, mu juyo gida da abinmu. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba malam ya gaji da ni, amma wannan lissafin har murmushi na riƙa yi masa ni kaɗai.

Motar ɗana ita ce dai wadda yake kai albasa kasuwa da ita, ko an wanke ta sai ta sa mutum hawaye. Aka zuba ƙullin kayan yaro a baya, da fo ɗinsa, da albasar gaisuwa. Mata biyu suka zauna baya. Ni na saka babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure da hular da ke tafiya da ita, na hakimce a gaba, Takwara a cinyata.

Ko gonakin bayan gari ba mu wuce ba ya cire mini hular, ya dube ta da kyau, ya wurga ta taga. Ɗana ya tsaya ya koma da gudu, amma wata babbar mota ta riga shi. Abin da ya kawo mini ya fi kama da faifai. Ban ji haushi ba. Na ce a raina duk ɓata lokaci riba ce, yunwa na nan tafe.

Sai dai yaron nan ya ƙi kuka. Ya ga shanu ya yi musu magana. Ya ga raƙumi ya ɗaga masa hannu. Ya miƙa ƙafa ya danna wa ubansa oda, wani mai babur ya zage mu, shi kuwa ya tafa. A Jega na sa aka tsaya bakin kasuwa, wai zan gaida wani tsohon abokina. Na yi ta jan gaisuwa, na tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya fara tsarguwa ko rance na zo nema. Duk don yunwa ta kama Takwara. Da na dawo sai na iske bakinsa sharkaf da mai. Ashe matan sun kira mai ƙosai da mai ayaba, sun yi ta ɗura masa.

Ƙosan nan bai daɗe a cikinsa ba. Muna kama hanyar Maiyama, mota ta faɗa wani rami, sai ga shi ya dawo gaba ɗaya, daidai kan aikin wuyan rigata. Daga nan kuma kukan da nake jira ya iso, mai ƙarfi, irin wanda ke sa direba ya manta hannunsa.

Na gyara murya, na yi maganar manya. "Ke ɗiyata, ba shi kaɗan mana. Wanga kuka ai sai ya shiɗe."

Ta sunkuyar da kai, ta saci kallon uwar mijinta. Na jira gardama, har na shirya hadisin da ban tabbatar da shi ba. Sai tsohuwa ta ce, cikin sanyin murya, "Karɓe shi ki ba shi. Ai Baba ya yi magana."

Na miƙa shi baya, ya shige ƙarƙashin hijabin uwarsa. Kuka ya tsaya. Na fara tunanin inda ɗana zai samu fili ya juya mota.

Can sai ga kan yaro ya fito, fuska a yamutse, harshe waje, yana tofar da yawu kamar wanda ya tauna barkono. Ya dubi uwarsa irin duban da ake yi wa wanda ya ci amana, ya miƙo mini hannu biyu.

"Maɗaci ne," in ji tsohuwa. "Tun da sahe na shafa mata. Da cewa na yi sai mun isa a gwada mai, to ka hutasshe mu."

Ɗana ya kama tari, wanda na san ba tari ba ne. Takwara kuwa ya dawo cinyata ya goge bakinsa a gemuna, har ni ma na ɗanɗani rabona. Da hannuna na miƙa shi aka yaye shi, a kan kwalta, tun ba mu ga Maiyama ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya kwantar da kai a ƙirjina, kan aman da komai, barci ya ɗauke shi. Na ce wa ɗana ya rage gudu. Wannan karon babu wata dabara a ciki.

A Giwa Tazo taubashiyata ta tarye mu a ƙofar gida. Ta dube ni daga kai ba hula har zuwa wuyan riga.

"Wa ya kwanto muku wanga tsoho? Ko a hanya kunka tsince shi?"

"Ke dai kawo ruwa, baƙin kirki sun zo."

"Awo, na ga guda ukku da yaro."

Aka ci abinci, aka yi sallar azahar. Sannan ta dama fura da nonon shanu, ta zaunar da Takwara a tsakar gida kusa da wasu 'yan awaki, ta yi mana alama da ido. Ƙa'idar ita ce a sulale ɗaya bayan ɗaya, kada yaro ya ga fitar kowa. Uwarsa ta fara fita tana share ido da bakin hijabi. Sai uban, sai tsohuwa. Ni ma na fita, har na sa ƙafa ɗaya a mota, sai na ce na manta carbina.

"Ga shi nan a hannunka, Baba," in ji ɗana.

Na ce ba wannan ba.

Na koma ciki na tsaya a gabansa. Bai ɗago ba, yana ƙoƙarin ba ɗan akuya fura da ludayi. Na yi gyaran murya. Na sake yi. Sai ya ɗago ya dube ni, haɓarsa duk fura, ya ɗaga mini hannu kamar yadda ya ɗaga wa raƙumin nan na hanya, ya koma kan akuyarsa.

Ina nan tsaye, carbi a hannu, taubashiyata ta zo ta gefena tana goge hannu da zane. Na shirya jin zagi. Amma a hankali ta yi maganar, don kada yaron ya ji.

"Shi dai ya yayu. Kai kuma gidan wa za a kai ka?"