Buhun garin Inayat

Shekara da shekaru ni da Inayat muna zaune kafaɗa da kafaɗa a rumfar ɗinkin ƙwallo ta Chaudhry Sarwar, a bayan garin Siyalkot na ƙasar Pakistan. Shan inna ta cinye wa Inayat ƙafafu tun yana goye, a kan keken guragu yake zuwa. To amma ɗinkin ƙwallo da ƙafa ake yi? A zaune muke yinsa, da allura biyu da zare mai kakin zuma. Hannun Inayat ya yi kanta kamar na kowa.

Sai dai ranar biya. A ba mu lada cikakkiya a kan kowace ƙwallo, shi a zaftare masa. In ya yi magana, Chaudhry ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Inayat, wa zai ɗauke ka in ba ni ba? Don Allah nake riƙe da kai." Don Allah!

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne azumi. Chaudhry ya kan tara mutane a tsakar masana'anta, a turo keken Inayat gaba, a ɗora masa buhun garin alkama da sukari da man girki a cinya, wai zakka, a ɗauki hoto. Guminsa ne fa aka tara aka dawo masa da shi, kuma a ce ya yi godiya.

Bara, Shazia 'yar Inayat ta isa shiga makarantar koyon jinya, yana neman abin biya. Da aka ɗora buhun sai ya ture shi ƙasa, gari ya tashi.

"Yallaɓai, ka cika min ladata. In ka cika, ni ma sai in ba wani sadaka."

Chaudhry ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka ji gurgu da baki!" Washegari aka ce aiki ya yi ƙasa. Aikin mutum ɗaya ne kawai ya yi ƙasa a rumfar nan. Shazia tana gida har yau.

Yanzu Inayat yana gyaran takalma a ƙofar masallacin Juma'a. Kwanaki Chaudhry ya fito salla, igiyar takalminsa ta tsinke, dole ya tsaya. Inayat ya ɗinke ba tare da ya ɗaga kai ba. Chaudhry ya zaro babbar takardar kuɗi, ya ɗaga ta yadda jama'a za su gani, ya jefa masa a cinya ya juya.

Inayat ya murza kekensa ya bi shi cikin taro har bakin mota, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Yallaɓai, ga canjinka. Aiki na yi maka."