Farin Tobi da Fuskar Isha'aku

Da farko ban yarda ba da aka ce dattijo kamar Isha'aku na unguwar Bani Malik ya shafe shekaru yana kishin wani mutumin Samarkand saboda hasken hoto kawai. Sai da matarsa Turai ta saka mini kaset ɗin na gaskata.

Isha'aku jikan alhazai ne, haifaffen Jidda. Tun 1986 shi ke ɗaukar bidiyon Takari, wato Hausawa mazauna can, suna ne ko ɗaurin aure. Kaset ɗinsa duk kamarsu ɗaya: fararen tobi, dogayen rigunan Larabawa, suna ƙyalli, fuskoki kuwa baƙi ƙirin, sai haƙora. Da murya ake gane mutum. Kowa ya ɗauka haka kyamara take yi wa baƙar fata, har shi ma.

Sai ga Abdulghaffar, mutumin Samarkand ɗin, a 1994. A ƙasarsu ya yi shekara ashirin yana riƙe kyamarar manyan finafinai, yana bin makiyaya kan duwatsu masu dusar ƙanƙara. Da aikin ya mutu, wani ɗan'uwansa mai sayar da shinkafar Bukhari a unguwar Sharafiyya ya zame masa kafili, ya tsaya masa ya shigo Jidda. Bikin sunan ɗan Othman tela ya fara ɗauka. Ya janye mutane daga rana zuwa inuwa, ya shanya farin harami irin na alhazai a gefensu don ya mayar da haske kan fuska. Da kaset ya fito, sai ga Othman da tsagensa da furfurarsa, ana ganin komai.

Isha'aku ya aro kaset ɗin, wai zai nuna wa mutane kurakuransa. Kwana tara ya yi a gidansa.

"Ya ƙona tobi," in ji shi a majalisa. "Dubi rigar, ko ɗinki ba a gani."

"Ya akhi, riga na gayyata ko mutane?" Othman ya ce.

Gayyatar da ake wa Isha'aku ta riƙa raguwa. Abin da ya rage masa shi ne gidansa, kuma ya yi rantsuwa Bukhari, kamar yadda yake kiran Abdulghaffar, ba zai taka shi da kyamara ba. Da auren 'yarsa Luba ya zo, ya goge tasa ya ajiye. Luba ta durƙusa gabansa.

"Baba, mata ba sa zuwa wurin ɗauri, a kaset za mu gani. In ka riƙe kyamara, wa zai zauna a matsayin ubana?"

"Halas," Turai ta ce. "Na riga na aika wa mutumin."

Ranar, bayan Juma'a, Isha'aku ya sa aka shimfiɗa dardumai a tsakiyar rana, ya saka tobin da ya fi kowanne fari, ya zauna yana jira ya ga gwaninta. Abdulghaffar ya zo, ya dubi sama, ya dubi uban amarya. Bai roƙi kowa ya matsa ba. Ya ɗaure haraminsa a kan kujeru biyu, ya durƙusa, ya fara aiki.

Kaset ɗin ne Turai ta saka mini. Minti arba'in, fuskar Isha'aku tar, karo na farko a rayuwarsa: gira a haɗe, ido ba ya kan liman, ba ya kan ango, yana kan hannun mai kyamara. Luba takan ce ko ba komai ta ga mahaifinta.

Isha'aku bai sake ɗaukar biki ba. Abdulghaffar ya koma gida a 2007, da zai tafi ya aiko masa da haramin. Yana nan a ninke, ba a taɓa ba.

Na tambayi Isha'aku me ya fi ci masa rai.

"Ni da na tashi cikin mutanen nan ban iya nuna fuskarsu ba," ya ce. "Shi wai a kan ƙanƙara ya koya. Wallahi har gobe ban yafe wa ƙanƙarar nan ba."