Katakon Gurasa

Shekara ashirin Baba ya yi yana wa wani Balarabe mai saukar da alhazai aiki. Shi ne mai tarbar mutanen ƙasar Hausa, ya yi musu tafinta, ya kai su ɗawafi. Da yaƙin Turawa ya yi tsanani jirage suka daina kawo alhazai, sai ubangidan nasa ya kira shi ya ce, "Ya Hajji, Allah ya buɗa maka wata ƙofar." Sallamar ke nan. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, muna zaune a unguwar Utaibiyya a Makka mu biyar: Baba, Inna, ni, ƙanwata, da Auta da ke bakin nono.

A shekarun nan an buɗe wani gidan sadaka da ake raba gurasa ga waɗanda aiki ya kuɓuce musu, kowane baki gurasa ɗaya. Sharaɗin guda ne. Maigida da kansa zai je gaban umda, wato mai unguwa, ya faɗa a gaban shaidu cewa ba shi da aiki, a buga masa hatimi a takarda. Mace mai miji a raye ba a ba ta. Inna ta gwada, aka koro ta.

"Malam, ka je mana," in ji Inna. "Ba bara ba ce, kowa yana karɓa."

"Ni ba kowa ba ne," in ji Baba. "Mutanen da na yi wa jagora su ji labari a Kano ina layin gurasa? Kai, a'a."

Wai a Kano! Mu muna cin tafasasshen ganye a Makka, shi yana jin kunyar mutanen da ke bayan teku. Har yau in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci.

A Makka ba a gasa gurasa a gida. Mata suna kwaɓawa su jera a kan katako, su rufe da ƙyalle, namiji ya kai wa mai tanda. Gidan da katakonsa ya daina fita, unguwa ta san abin da ake ciki. Don haka da garin alkamarmu ya ƙare, sai Baba ya sa Inna ta riƙa kife ƙananan kwanoni a kan katakon tana rufewa. Kullum da hantsi zai ɗora a ka, ya ratsa layi yana gaisawa da mutane, ya zagaya bayan wani kango ya zauna, sannan ya dawo. Kusan wata biyu ana haka. Inna ta sayar da tasoshinta, ta sayar da abin hannunta, ta rame har nononta ya ƙafe. Kukan Auta ya koma kamar na ɗan mage.

Akwai kuma wata al'ada. In aka ga katakon gurasa a ƙofar gida, alama ce babu namijin da zai kai. Duk wanda ya fara wucewa sai ya ɗauka ya kai tanda, ba ya sallama, ba ya tambaya, lada yake nema. Baba ya san wannan sarai. Amma ran nan ya fito ke nan Inna ta ƙwala masa kira, don idon Auta ya juye. Ya ajiye katakon a kan dakali ya koma ciki. Da yaron ya farfaɗo muka leƙo, babu katako.

Baba ya tsaya ƙyam, ya kasa ɗaga ƙafa. Ni ce na zuba da gudu. Na hango maƙwabcinmu, wani tsohon tela Basakkwace, ya riga ya kai bakin tanda, maza sun fi goma suna jiran tasu. Kafin in buɗe baki mai tanda ya yaye ƙyallen. Kwanoni shida a kife. Ɗaya ya gangaro ƙasa yana ƙara.

Da dariya suka yi, da ya fi mini sauƙi. Kowa sai ya kau da kai. Mai tanda ya mayar da ƙyallen a hankali ya miƙo mini, telan kuwa sai cewa yake, "Wallahi ban sani ba, ɗiyata, ban sani ba."

Telan ya biyo ni har gida. Ya sami Baba a zaure ya ce, "Malam, haram ne wanga. Tashi mu tai wurin umda, ni ne shaidarka."

Baba ya sa takalmi ya bi shi, kansa a ƙasa. Da la'asar ya dawo da takarda da gurasa biyar a cikin mayafinsa. Ya ajiye a gaban Inna bai dube ta ba. Mun ci muna kuka, ni da ƙanwata, don yunwa ba ta san kunya ba. Inna ta jiƙa ta Auta a ruwa tana ɗiga masa a baki, yana dawowa da ita.

Kwana tara Auta ya ƙara a duniya. Ran na goma Baba ya ɗauke shi a hannu, a naɗe cikin farin ƙyalle, telan da mai tanda suna biye. Na tsani Baba a ranar, ba zan ɓoye ba, kuma na daɗe ban daina ba. Inna kuwa ta daina haɗa ido da shi.

Washegari da safe ya ɗauki takardar zai fita. Inna ta ce, "Malam, ai lokacin rabo bai yi ba."

"Wurin umda za ni," ya ce. "An rubuta mutum biyar. Zan ce a rage ɗaya."