Hannun da Na Ƙi Riƙewa a Kan Dutsen Ƙanƙara

Ƙarfe goma da kwata na safe, ranar Asabar, mu huɗu ne a kan dutsen: ni, da 'yata, da mijinta, da wata Baturiya mai koyar da zamiya a kan ƙanƙara. Ba zan manta da safiyar nan ba, domin gwiwata ta dama tana tuna mini ita duk sanda na zo sujada.

Ganin jika ya kai ni ƙasar Turawa. Kafin nan na shekara talatin ina tuƙa jirgin ruwa na fasinja tsakanin Wara da Yauri, ban taɓa kifar da kowa ba. Da surukina ya ce zai kai mu yawon buɗe ido ban so ba, amma na ji nauyin ƙi. Wurin ya kai gari guda, duwatsu fari fat, kujeru rataye a waya suna hawa da mutane. Tun kafin a ɗaura mini dogayen allunan zamiya a ƙafa na gaji.

Baturiyar tana bayani, surukina yana fassarawa. Na farko, a karkata gaba. Na biyu, in za a tsaya a haɗa bakin allunan. Na uku ban ji ba, na riga na kau da kai. Kunya nake ji a ce mijin 'yata ke koya mini tsayuwa.

"Baba, ku riƙe hannuna har ku saba," in ji shi.

Na ce, "Bar shi. Na tsaya a jirgi ana iska a tsakiyar tafkin Kainji."

'Yata ta ce, "Baba, wannan ruwan daskararre ne, bai san ku ba."

Na tura kaina. A jirgi, in ya fara tangaɗi, baya kake mayar da nauyinka. Jikina ya yi abin da ya saba, allunan suka ƙara gudu. Na kafa sandar da aka ba ni kamar yadda nake kafa gora a ruwa. Sandar ta tsaya, ni na wuce, ƙafata ta murɗe.

Surukin da na ƙi riƙe wa hannu, shi ya cire mini takalmi. Shi ya riƙa kai ni bayan gida har mako biyu, kansa a sunkuye, nawa ma haka.

Yanzu wani ke tuƙa jirgin. Ni ina zaune a gaɓa a Wara ina raba rigar ruwa mai hana nutsewa, kuma kullum sai wani ya ture ta ya ce, "Malam, a ruwa aka haife ni." Na gaji da jin maganar nan, don muryata nake ji a cikinta. Abin da na koya shi ne, gwaninta tana da iyakar ƙasarta.

Mai karatu, in ka zo tsallakawa na miƙa maka rigar, don Allah ka karɓa ka sa, kada ka ba ni tarihinka.