Yankin Ƙwaƙwalwar da Ba a Yanka wa Rago Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da na kori wani yankin ƙwaƙwalwa daga aiki ba, don kawai na ga ba shi da suna.

Lokacin dogon hutu ne, ina ɗan shekara sha shida. Ƙawar Mamana, wadda muke kira Anti Dakta, ta tsaya mini na samu aiki a ɗan gidan tarihin wata makarantar likitoci. Kullum na hau jirgin ƙasa daga garinmu Laurel sai in riƙa jin kamar ni ne shugaban asibiti, alhali aikina goge ƙura ne. Akwai tsofaffin gilasai, kowanne ɗauke da yankan ƙwaƙwalwa siriri kamar ɓawon albasa, da sunansa a jiki da harshen Latin. Dokar ita ce, wanda ba a san ko mene ne ba, a sa shi a jan akwati, motar sito ta kwashe ran Juma'a. Abin da ya shiga siton nan kuwa, sai dai jikokinka su gan shi.

Na ɗauko wani an rubuta substantia innominata. Na tambayi wayata, ta ce "abu marar suna". Na sa shi a jan akwati, har ina yaba wa kaina.

Ran Juma'a Anti Dakta ta shigo da sauri. Ɗalibanta na hanya, a kan gilashin nan za ta yi darasi, kuma babu irinsa a gidan.

"Sadik, ina innominata?"

"Wanda ba a raɗa wa suna ba? Ai na sallame shi, Anti."

Ta dafe kai. "Kai, yaron nan! Sunansa ke nan!"

"Marar Suna ne sunansa?"

"Gudu za ka yi ko surutu?"

Na yi gudun da ko ɗan sanda bai taɓa gani ba. Na tarar direba na rufe bayan mota, na rungume akwatin kamar ɗan'uwana ya dawo daga Hajji.

Na ɗauka korata za ta yi. Sai ta zaunar da ni, ta ce masu binciken farko a barasa suke jiƙa ƙwaƙwalwa ta yi tauri, su riƙa ɓare ta a hankali har can ciki. Abin da suka gani sai su kira shi da abin da ya yi kama da shi: wannan mai wutsiya, wancan ɓawo. Da wani Bajamushe ya iso wannan wurin, shekara ɗari biyu da suka wuce, ya kasa gane shi, sai ya bar shi marar suna.

"Shekara ɗari biyu, Anti, an rasa mai sayen rago?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Bai sani ba ne, kuma bai yi ƙaryar sani ba. Kai da ba ka sani ba, wa ka tambaya?"

"Waya."

A ranar na gane cewa a wannan sana'ar "ban sani ba" ba abin kunya ba ne, har a jikin gilashi ake rubuta shi. Allah ya saka wa Anti Dakta, ba ta faɗa wa Mama ba, ba ta kai ƙarata ba. Gilashin ya koma wurinsa, na ƙarasa hutuna a bakin aiki, kuma har na tafi ba wanda ya sake kirana Sadik a gidan. Innominata suke ce mini.