Rariyar da ke Bakin Kwatar Baba Mai Wanki

Kafin ya taɓa sabulu, Baba Mai Wanki bayan shago yake fara zagayawa. Ta can ruwan wanki ke fita, ya bi kwata, ya gangara rafi. A bakin kwatar ya haƙa ɗan rami, ya ɗaura rariya, ya shimfiɗa mata tsohon zanen auduga. Yakan durƙusa ya kankare abin da ya taru, ya ƙulle shi tam, ya jefa a kwandon shara. Sannan ya buɗe ƙofa. Haka muka san shi tun gashinsa yana baƙi. Yanzu bayansa ya ƙi, zai miƙa shagon ga mijin 'yarsa. Shi kuwa surukin so yake ya cike ramin, ya kafa injin wanki na biyu a wurin.

Da can babu rami. Kayan auduga ake kawowa, masu nauyi. Riga ɗaya ta daɗe a jikin mutum, ta tsufa a yi tsumma da ita, tsumman ya ruɓe ya bi ƙasa. Baba kan watsa ruwan ɗauraya a gindin bishiyar bayan shago, ba abin da ke saura. Sai yadin roba ya shigo, ga sheƙi ga saurin bushewa, kowa ya koma kansa. Wata rana mai ɗakinsa ta yanka kazar da ke kiwo a bakin kwata, ta tarar da zare ja da shuɗi cunkushe a ƙundunta. Ta kawo masa a tafin hannu.

"Kai ka ciyar da ita wannan," ta ce. "Ni dai ban taɓa ba ta riga ba."

Bai yi dariya ba. Ya tona gindin bishiyar, ya ga burbushin zaren bara yana nan daram, bai ruɓe ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon rafin. Washegari ya ɗauko diga.

Maƙwabta suka laƙaba masa Sarkin Tsumma. Mai gyaran babur na gefensa kan ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, yau an yi girbi kuwa?"

"An yi," in ji Baba. "Rabinsa daga wandonka ya fito."

Ba ya wanke kaya tsilli-tsilli, sai sun taru. Ba ya zuba wa yadin roba ruwan zafi, ba ya dirza shi da burushi, don ya lura nan ne ya fi zubar da gashi. A gaban mutane ya mayar wa wani direba rigarsa, ya ce, "Wannan ba ta da datti. Je ka shanya ta ta sha iska." Direban ya yi fushi ya sauya wuri. Baba bai bi shi da ban haƙuri ba.

Baba, kai ne mai tare abin da ido bai cika gani ba. Ba wanda ya sa ka, ba wanda ya ce maka sannu. Gwiwoyinka ne suka san tsawon aikin.

Ranar da Baba zai ajiye aiki, surukin ya zo da magini.

"Baba, wurin nan ɓata fili ne kawai. Kowa kwata yake sake wa ruwansa."

"To," in ji Baba. "Amma kwashe min na yau tukuna. Bayana ba ya lanƙwasuwa."

Surukin ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ya ɗago da dunƙule mai yauƙi, toka-toka, cike da hannu biyu.

"Duk wannan na yini ɗaya ne?"

"Na safiya ne."

'Yar Baba tana tsaye da goyo. Ta ce wa mijinta, "A ƙasan kwatar nan fa yaranka ke iyo."

Surukin ya dubi abin yana ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Can ya juya wajen maginin ya ce a faɗaɗa ramin, injin kuma a nema masa wuri a ciki.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta. Ku kuma masu wanki, na shago da na gida, ku je ku dubi inda ruwanku ke fita. Wanda bai iya tace shi ba, ya je gidan Baba. Yana zaune a ƙofa. Zai nuna masa, amma sai ya fara shan faɗa.