Sunan Madugu da Amanar da Iliyasu Ya Bar Mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Alhaji Iliyasu, direban bas a Birmingham, kuma ban taɓa jin nauyin rashinsa kamar bana ba. Zango ɗaya muka tashi a Kumasi. Shi ya zauna a Lozells, ni na yada zango a Gorton, nan Manchester, amma wata ba ya ƙarewa ɗayanmu bai hau jirgin ƙasa ya je ya ci tuwon gidan ɗan'uwansa ba.

Bai ga zamanin da matasa suka ɗaura wa mutum-mutumin wani dillalin bayi igiya suka jefa shi ruwa ba. Bai ga ɗana Nura, wanda aka haifa a nan, yana dawowa daga zanga-zanga murya a dishe ba, ko yadda ake ta cacar baki da hukumar gari kan mutum-mutumin da za a sauke da wanda za a bari. Ni kuwa a lokacin bakina har kunne. Duk wanda ya zauna kusa da ni a masallaci sai ya sha lacca kan zaluncin Turawa. Ni fa akwai surutu, Allah ya yafe mini.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne wata rana, shekaru da yawa kafin haka, muna zaune da Iliyasu a tsakiyar gari ƙarƙashin mutum-mutumin wani attajirin auduga. Na ɗaga kai na ce, “Dubi wannan, da gumin kakanninmu aka ɗora shi sama.”

Iliyasu ya yi 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki. “Kakannin wa, Malam Bala? Kakata Alheri a kasuwar Salaga aka saye ta tana ƙaramar yarinya. Madugu Haruna, kakan babanku, shi ya haɗo ta da kayan goro.”

Bai faɗa da zafi ba. Ya ƙarasa shan shayinsa, muka tashi. Bai sake ɗago maganar ba har ya koma ga Allah, ni ma na yi kamar ban ji ba. Wallahi kunya ce ta hana ni, da kuma girman kai.

Mu ba ma sassaƙa manyanmu da dutse. Suna muke mayarwa. A gidanmu kusan kowane ɗaki akwai Haruna, ana kiransa Madugu don girmamawa, ana ba yara labarin ayarinsa da kyautarsa da rijiyar da ya haƙa. Ba a taɓa ba mu labarin waɗanda suka ɗauko kayan a ka ba.

Watan jiya matar Nura ta haifi namiji. Tun kafin su baro asibiti yayana ya kira daga Kumasi, ya ce a ɗakina kaɗai ba a mayar da Madugu ba, kada in ba shi kunya. Nura ya bar mini zaɓi, yadda aka saba. Kwana shida ina juya maganar Iliyasu a raina. Da yana nan da na tambaye shi, kodayake na san halinsa, cewa zai yi jikana ne, in yi yadda na ga dama, sannan ya zuba mini ido. Ranar suna liman ya sunkuyo da kunnensa, na ce Haruna. Na ji tsoron yayana fiye da yadda na ji tsoron gaskiya.

Rabi, babbar 'yar Iliyasu, ta taso takanas daga Birmingham da turamen atamfa. Ta karɓi jaririn, ta tambaye ni sunan, na faɗa mata. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta sumbaci goshinsa.

Sannan ta ce, a hankali yadda ba wanda zai ji, “Kawu, Baba ya ce ya taɓa faɗa maka.”

Na ce, “Ya faɗa mini.”

Ta gyaɗa kai, ta gyara wa yaron hula. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi.

Mutane suna tuna Iliyasu da haƙuri da barkwanci, da yadda yake jiran tsofaffi su zauna kafin ya ja bas. Duk gaskiya ne. Amma abin da ya rage nasa a wurina magana ɗaya ce da ya damƙa mini, yana zaton zan yi wani abu da ita. Ban yi ba. Nura bai sani ba har yau, a wannan shafin zai karanta, kuma ban san da wane ido zan dube shi ba. Jikana ba shi da laifi, ina son sa kamar raina.

Da na raka Rabi bakin ƙofa, ta tsaya tana sa takalmi, ta ce, “Ka san Baba ya so ya mayar mini da sunan kakarsa? Amma Alheri a gidanku aka sa mata. Wanda uwarta ta raɗa mata, babu wanda ya taɓa tambaya.”